Amsa ga mai tambaya kan sakin tsuntsun fezant

Malam,

Ka tambaye mu a bainar jama'a: tun da fezant ya yi ƙaranci a gonakin Amurka, me zai hana a ƙyanƙyashe dubbai a keji a sake su daji?

An daɗe ana gwada hakan, kuma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Tsuntsun nan dangin makwarwa ne, daga Sin aka kai shi jihar Oregon a farkon shekarun 1880. Wanda ya tashi a keji ya saba a zuba masa tsaba, bai san ya lafe cikin ciyawa idan inuwar shaho ta gifta ba. A lissafin Pheasants Forever, ƙungiyar da ke kula da muhallin tsuntsun, kusan kashi 60 cikin ɗari ne ke wuce makon farko, bayan wata guda saura kashi 25, waɗanda ke ganin bayan hunturu kuwa da wuya su haura kashi 5. Na keji na farauta ne kawai, a sake shi dab da ranar.

Maganar gaskiya tana wajen sheƙa. Macen a ƙasa take yin ta, ta zuba ƙwai 10 zuwa 12, ta kwanta kwana 23. Tana buƙatar doguwar ciyawa da ba a taɓa ba daga Mayu zuwa Yuli. Injin yankan ciyawa da ya shiga a Yuni yakan haɗa uwa da ƙwai ya niƙe, don haka a jinkirta yanka har tsakiyar Yuli ya wuce. Filin kuma ya zama mai faɗi. Siririn layin ciyawa a bakin gona hanya ce ga yanyawa, tana bi tana tsintar sheƙa ɗaya bayan ɗaya.

'Yan tsakin ƙwari suke ci a makonnin farko, shi ya sa ake cuɗa ciyawar da tsirrai masu fure, waɗanda ke jawo ƙwari. Idan ta tsufa ta cunkushe har ɗan tsako ba ya iya ratsawa, sai a ƙona ko a kafce wani sashe, a juya zuwa wani baɗi. Da hunturu kuma a bar musu kacala a fadama, da 'yar masarar da ba a girbe ba kusa da maɓoya.

Shirin gwamnatin Amurka na 1985 mai suna CRP, da ke biyan manomi ya bar gona ga ciyawa shekara 10 zuwa 15, shi ya farfaɗo da tsuntsun a jihohi irin su Dakota ta Kudu. Inda iri ya ƙare ƙaf, abin da jihar Pennsylvania ta yi ya fi: ta tanadi wurin, ta kamo na daji daga Dakota ta Kudu da Montana ta saka.

Wassalam.