Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan birkin da zafi ya ƙona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da hajiyoyi, iyayen gidanmu, da ƙannenmu matasa masu kawo mana motoci, muna gaishe ku, muna kuma godiya da amanar da kuke ba mu. Mun yi wani canji a yadda muke karɓar aikin birki, kuma mun ga ya dace ku ji shi daga bakinmu tare da dalilinsa, kada wani ya ga kuɗin aiki ya ƙaru ya ɗauka son zuciya ne.

Daga yanzu, duk motar da muka ga alamar birkinta ya sha zafi fiye da kima, ba za mu sa mata sabon fad, wato abin da ke gogar faifan birki ya tsayar da mota, kawai mu sallame ta ba. Sai mun kwance kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki yana matse shi, mun duba fistin da ke tura fad daga cikinsa da robobinsa, mun kuma duba man birki. Wanda bai amince da hakan ba, za mu ba shi haƙuri, don ba za mu sa hannu a rabin aiki a kan abin da ran mutum ya rataya a kansa ba.

Motoci iri biyu ne suka ja mu ga wannan shawara. Akwai waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ko Dubai ta Legas da Kwatano, musamman masu ƙarfin inji irin su BMW, Mercedes, Ford Mustang da Dodge Charger. A can akwai filayen tsere, irin Dubai Autodrome da Yas Marina ta Abu Dhabi, da ake buɗe wa jama'a su shiga da motarsu ta hawa su yi ta zagaye da iyakar gudunta. Mota za ta sha wannan wahala, a wanke ta, a sayar, ta iso Kano tana sheƙi, mita ba ta nuna doguwar tafiya ba, alhali birkinta ya riga ya tsufa. Sai kuma namu na gida: masu wasan mota a wajen biki, da masu sakin totur a Eastern Bypass ko hanyar Zariya idan dare ya yi.

Aikin birki shi ne juya gudun mota ya koma zafi, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudun. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. Tsayar da mota daga kilomita 120 a awa yana haifar da zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 60. A cikin gari, tsakanin wannan danja da waccan, birki yana samun damar shan iska. A filin tsere ko wasan mota kuwa, kafin ya huce daga wannan kwana an sake danne shi a ta gaba, har faifan ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci a gan shi ya yi ja. Faifan ƙarfe ne zalla, an yi shi don ya jure. Kalifa kuwa a cikinsa akwai roba, akwai giris, akwai mai, kuma duk ukun ba sa shiri da irin wannan zafi.

Robar waje mai hana ƙura shiga wajen fistin ita ke fara tafiya, domin ita ce kusa da bayan fad. Takan bushe ta tsattsage, wani lokaci da mun taɓa ta sai ta marmashe a hannu. Da ta buɗe, ƙurar hunturu da ruwan damina sun samu ƙofa, fistin ya yi tsatsa ya fara maƙalewa. Robar ciki kuma aiki biyu take yi: tana riƙe mai kada ya zuba, tana kuma ɗan janyo fistin baya da zarar ka ɗaga ƙafa. Idan zafi ya sandarar da ita, fistin ba ya komawa, fad ya ci gaba da gogar faifai ko da a hankali kake tafiya. Daga nan birkin ya shiga dafa kansa da kansa. Mota ta fara ja gefe guda, ta ƙara shan fetur, wili ɗaya ya fi sauran zafi, fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan uwansa saboda giris ɗin ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu ya ƙafe.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɓarnar ba ta bayyana a ranar da aka yi ta. Yaro zai yi wasa da mota ranar Asabar, ya dawo da ita gida lafiya lau. Sai bayan watanni, Hajiya ta ɗauko yara daga makaranta a cunkoson titin Zoo Road, a nan birkin zai nuna halinsa.

Man birki ma yana da iyakarsa. Nau'o'insa ana bambanta su da lambar DOT da ke jikin kwalba: sabon DOT 3 an yi shi kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuwa 260. Amma wannan mai yana zuƙar danshin iska a hankali, kuma idan ya sha ruwa, ma'aunin DOT 3 yakan sauko zuwa 140, na DOT 4 zuwa 155. Da ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Bayan ta huce birkin yakan dawo, mai ita ya ce ya gyaru. Bai gyaru ba, ranka ya daɗe. Wannan man sai an zubar da shi gaba ɗaya, an zuba sabo daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, an cire iska. Kamfanoni da yawa suna cewa a canja shi duk shekara biyu. Mai shiga filin tsere kuwa ya canja kafin ya shiga.

Ga masu shirin sayen mota, ku leƙa ta cikin wili. Kalifan da aka yi wa jan fenti, idan ya ƙone, yakan koma ruwan ƙasa ko ya yi duhu. Idan kun ga sabon fenti fes a kan kalifan tsohuwar mota, ku tambayi dalili. Mu dai ba ma fenta kalifan da ya ƙone don a sayar da mota. Wanda aka yi da alminiyom ma, idan ya sha zafi sau da yawa, ƙarfinsa yana raguwa, kuma irin wannan canji muke ba da shawara, ba gyara ba. Kalifa na hannu da ake samu a Ƙofar Ruwa muna sa shi, amma sai mun buɗe shi mun sa sababbin robobi tukuna.

Idan birki ya yi zafi, kada ku tsaya nan take ku ja birkin hannu ko ku danne ƙafa a kansa. Ku yi tafiyar 'yan mintuna a hankali iska ta ratsa shi. Kada a watsa masa ruwa, kada kuma a shiga wajen wankin mota da shi yana turiri, faifan zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. Kada a wanke robobin birki da fetur, kada a zuba man inji ko man giya a tulun man birki, domin kumbura robar suke yi. DOT 5 kuma daban yake da DOT 5.1, ba a haɗa shi da sauran. Masu doguwar tafiya, a gangare irin na Hawan Kibo ku sauko da giyar mota, kada ku ɗora wa birki nauyin motar shi kaɗai.

Roƙonmu gare ku shi ne gaskiya. Idan an yi tsere ko wasa da motar, ku faɗa mana. Ba ma kai ƙarar kowa, so muke mu san inda za mu duba. Iyaye, idan kun san yaro yana fita da motar gida, ku kawo ta ko da ba ku ji wani ƙara ba. Garantin da muke bayarwa kan fad da robobi na tuƙin yau da kullum ne, bai shafi wasan mota ba, kuma ba ma shirya mota don tsere a titin da 'yan adaidaita sahu da masu tafiya a ƙasa suke bi.

Leƙa kalifa da duba man birki ba ma karɓar ko sisi a kansa. Sai mun nuna muku abin da muka gani da idonku, mun yi ciniki, kafin mu kwance komai. Ku kawo motar da safe kafin rana ta yi zafi, kowace rana ban da Juma'a.

Allah ya tsare mu da ku a kan hanya.

Wassalam,
Mai gareji da sauran ma'aikata, Kano.