Babana, kada ka ƙera abu ka gudu ka bar shi

Assalamu alaikum Babana, ya karatu, ya sanyin garin naku. Ƙanwarka ta nuna min saƙonka, wai aikinka na ƙarshe a jami'a manhaja ce da za ta riƙa ba mutane shawara kan shan magani, har abokanka na tsokanarka suna ce maka Frankenstein. Kai dariya abin ya baka, ni kam bai bani ba, don nasan fim ɗin kawai ka sani, ni kuwa littafin na koyar da shi a aji tun kana goye.

Yarinya ce fa ta rubuta shi, Mary Shelley, shekararta 18 lokacin da ta fara a 1816 a wani gida bakin tafkin Geneva. Dutsen Tambora na Indunusiya ne yayi aman wuta a 1815, tokarsa ta dagula yanayi har Turai, ruwa da sanyi suka kulle su a ɗaki, shine mawaƙin nan Byron yace to kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Nata ya fito a Landan a 1818, ko sunanta babu a jiki.

Victor Frankenstein ɗalibi ne kamarka, a Ingolstadt ta Jamus, mai ƙwaƙwalwa, ya kulle kansa wajen shekara biyu yana haɗa gaɓoɓin da ya kwaso daga maƙabarta da mahauta don ya ƙera wata halitta mai kama da mutum, ko wasiƙar gida ya daina amsawa. Mu mun san rai Allah ne kaɗai ke busawa, wannan ƙagaggen labari ne, amma ka duba abin da yayi daren da halittar ta buɗe ido. Kallo ɗaya ya mata yaga muni, ya fice a guje. Ko suna bai sa mata ba.

Wurin da ke sa ni hawaye har yau shine inda halittar ta ɓuya a wata 'yar rumfa jikin gidan wasu talakawa, tana leƙensu ta tsagar katako, a haka ta koyi magana da karatu, cikin dare kuma ta je ta yo musu itace ta ajiye a ƙofa ba su san mai kawowa ba. Ranar da ta fito ta nuna musu kanta, da sanda aka karɓe ta. Daga nan zuciyarta ta ƙeƙashe, ta kashe ƙanin Victor, aka ɗora laifin kan Justine yarinyar da ke aiki a gidansu, Victor ya san ba ita bace amma ya ja bakinsa yayi shiru don kar a ce ya haukace, har aka yanke mata hukuncin kisa. Wallahi a ganina wannan shirun yafi ƙirar muni.

Duniya kuwa sai ta ɗauki tsoron ta bar wannan. Tun 1823 aka fara wasan kwaikwayonsa a Landan, sannan fim ɗin Amurka na 1931 da Boris Karloff ya fito ya bamu dodon nan mai shafaffen kai da ƙusoshi a wuya, ba ya magana sai gurnani, alhali na littafin ya fi mai ƙera shi iya zance. Masana da yawa na cewa daga littafin nan aka fara ƙagaggun labaran kimiyya, kuma duk fim ɗin da ka gani na mutum-mutumi ya juya wa mai shi baya, jikansa ne. Ko da aka fara rigimar abincin da aka sauya wa ƙwayar halitta, sunan nan 'yan jarida suka jawo, yanzu ma da kuke ta zancen ƙirƙirarriyar basira shi ake jawowa.

To Babana ban ce ka bar aikinka ba, ina alfahari da kai. Amma ka tuna wadda za ta buɗe manhajar nan wataƙila tsohuwa ce mai hawan jini, jikanta ke karanta mata a waya, abin da manhajar ta faɗa shi za ta haɗiya. Ka kai wa likita da mai harhaɗa magani su duba kafin ka saki, ka sa sunanka da inda za a same ka, in manhajar ta yi kuskure kai zaka fara faɗa ko da maki zai ragu, kada ka bari a ɗora wa wani ƙaramin ma'aikaci. Bayan an baka digiri ma kada ka watsar da ita tana yawo a intanet ba mai kula, in bazaka iya bibiyarta ba ka rufe ta.

Kuma dan Allah ka riƙa kira, sati nawa babanka na tambayarka. Zan ba kawunka kwafina ya kawo maka in zai shigo, ka karanta shari'ar Justine sai muyi magana. Allah yayi maka albarka.

Mamanka