Tallan Giya da Yaudarar Sanyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da hukumomi a kan wani salon talla da ke shigo mana Jihar Zamfara ta talabijin da wayoyin hannu, wato tallan giya wanda aka gina shi kacokan a kan sanyi. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar nan a shekarar 2000 aka hana sayar da barasa, amma dokar ba ta da iko da abin da tauraron ɗan'adam yake saukewa a gidajen kallon ƙwallo na Gusau da Ƙauran Namoda da Talata Mafara. Kamfanin giya na Heineken ya daɗe yana ɗaukar nauyin gasar Zakarun Turai, Guinness kuma ta ƙulla yarjejeniya da gasar Firimiya ta Ingila daga shekarar 2024, saboda haka yaron da ya biya kuɗin kallon wasa yana kallon tallan giya ne, ko ya so ko bai so ba.

Abin da ake nuna masa kusan iri ɗaya ne: kwalba tana zufa, an tsamo ta daga cikin ƙanƙara, wani ya kurɓa ya yi ajiyar zuciya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 ga kuma rashin wutar lantarki, wannan hoto kaɗai ya isa ya tsinka yawun mai kallo. Masu tallan sun san haka sarai. A Amurka, kamfanin Coors ya buga hoton duwatsu a jikin gwangwaninsa da wani tawada mai komawa shuɗi idan gwangwanin ya yi sanyi, wasu kamfanonin kuma suna alfahari da cewa ana zuba tasu giyar a sanyin da ya kusa sifili, kamar dai wata bajinta ce ta masu haɗa ta.

Gaskiyar magana ita ce sanyi aikin firji ne. Ruwan leda da aka ajiye a firji ɗaya da wannan kwalba zai yi sanyin da ta yi, babu ragi babu ƙari. Su kansu masana giya a ƙasashen da shan ta ya zama al'ada ba su yarda da wannan da'awa ba, domin a Ingila ana ba da giyarsu ta gargajiya a sanyin digiri 11 zuwa 13, mai sauƙin ma da ake kira laga sukan ce digiri 4 zuwa 7 ya wadatar. Dalilinsu shi ne tsananin sanyi yana danne ƙamshi, yana kuma rage yadda harshe ke jin zaƙi da ɗaci. Duk wanda ya sha zoɓo yana ƙanƙara, sannan ya sake kurɓa bayan ya huce, ya san sukarin ya fi fitowa a karo na biyu.

A nan ne damuwata take. Ɗacin giya da warinta su ne sukan fara korar wanda bai taɓa sha ba, sanyi kuwa shi ne yake ɓoye su biyun. Tallan da ke koya wa matashi cewa sai da ƙanƙara ake shan ta, a ganina, yana share masa hanyar kurɓin farko ne, wanda shi ne mafi wuya. Bugu da ƙari, ana nuna ta a matsayin maganin ƙishirwa, alhali barasa tana rage sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, ta kuma dusashe hankalin da mutum zai gane cewa zafi ya fara yi masa illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, kuma sanyi bai rage ko ɗigo ɗaya daga barasar da ke cikin kwalba ba.

Don haka nake kira ga hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta ɗora wa alhakin tantance tallace-tallace a Najeriya, da ta hana duk tallan cikin gida da ke kamanta giya da maganin zafi ko ƙishirwa. Hukumar Hisba ta jiha kuma ta zauna da masu gidajen kallo cikin lalama, a amince cewa za a riƙa kashe allo ko sauya tasha a lokacin hutun rabin lokaci. Malamanmu na kimiyya a makarantun sakandare su ma suna da rawar takawa, domin bayanin yadda sanyi ke danne ɗanɗano da yadda barasa ke aiki a ƙoda bai fi ƙarfin darasi ɗaya ba.

Wassalam,
Wani uba daga Gusau, Jihar Zamfara.