Zuwa ga aminina, kan ƙananan motocin zubi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya kuma zaman nesa? Mu ma nan lafiya lau, sai dai kewarka.

Saƙonka ya iso tare da hotunan motocin da ka fara tarawa, kuma wallahi na ji daɗi ƙwarai, don na daɗe ina neman abokin wannan hira. Tambaya biyu ka yi mini. Ka ce me ya sa duk hoton da ka ɗauka sai motar ta fito a matsayin kayan wasan yara, sannan ka ce ko ya kamata ka buɗe waɗanda ke cikin ledarsu ko ka bar su a rufe. Bari in fara da ta hoton, don na ga ita ta fi ci maka tuwo a ƙwarya.

Na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, kuma ciwonsu guda ne: motar tana kan tebur, kai kuma kana sama da ita. Yi lissafi ka gani. Jar motar nan taka ma'auninta 1:64 ne, wato kowace santimita a jikinta tana madadin santimita 64 a jikin motar gaske. In ka ɗaga waya santimita 30 a kanta, daidai kake da mutumin da ya hau mita 19, kusan bene mai hawa shida, yana leƙen mota a ƙasa. To ido ya saba ganin mota ne daga tsayin mutum, wajen mita 1.6. Raba wannan gida 64, za ka sami santimita 2.5, kuma nan ne idon kamara zai zauna. Ga mai ma'aunin 1:43 kusan santimita 4 ne, ga 1:18 kuwa wajen 9. Masu ɗaukar hoton motocin gaske ma durƙusawa suke yi har su zo daidai fitilun gaba, don haka in ka ƙara sauka ƙasa da wannan, ya fi kyau. Da waya abin mai sauƙi ne: juya ta kai ƙasa, yadda idon kamarar zai kusa taɓa tebur. Ko ka kawo motar bakin tebur, kai ka zauna a ƙasa. Gwada wannan kaɗai tukuna kafin ka sayi komai, za ka ga bamba ta cika hoto, rufin motar ya tashi sama da kai, tayoyi sun yi nauyi.

Abu na biyu shi ne kaifin hoto. Duk lokacin da kamara ta matso kusa da abu, wurin da ke fitowa tas yakan zama siriri ƙwarai. Shi ya sa a hotonka hancin motar ya fito garau, amma tun daga ƙofar baya komai ya dushe. Motar gaske, in an ɗauke ta daga mita biyar ko shida, tana fitowa daga bamba zuwa bamba, kuma ƙwaƙwalwa ta san haka ko da mutum bai taɓa tunanin abin ba. Da ta ga rabin mota a dushe sai ta yanke cewa ƙaramin abu ne. Maganinsa ka ɗan ja da baya, ka yanke gefen hoton daga baya. Ka kashe tsarin nan na waya mai dusashe bayan hoto, don na fuskar mutum aka yi shi. In da babbar kamara kake aiki, matse ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga kamarar ta cikinsa, zuwa lamba f/11 ko f/16. Kada ka wuce nan sosai, saboda in ƙofar ta matse da yawa haske yakan tarwatse a bakinta, sai hoton duka ya yi laushi. Matse ƙofa yana rage haske, don haka dole kamara ta zauna a kan ƙafarta ko a kan littafi, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa biyu yadda hannunka ba zai girgiza ta ba. Akwai kuma masu ɗaukar hotuna da yawa a wuri guda, na farko kaifin yana kan fitila, na gaba yana kan madubi, haka har wutsiya, sannan manhaja ta haɗe su su zama ɗaya. Yana da cin lokaci, amma ga manyan motoci na 1:18 ban san abin da ya kai shi ba.

Kada ka raina wayarka a wannan aiki. Akwai wani Ba'amurke, Michael Paul Smith, da ya rasu a 2018, wanda ya yi suna da hotunan wani gari da ya ƙirƙira ya kira shi Elgin Park. Motocinsa na 1:24 ne. Yakan jera su a kan allo bisa tebur a waje, ya daidaita su da bishiyoyi da gine-ginen gaske da ke can nesa, har ido ya kasa raba ƙarami da babba. Ƙaramar kamara ta aljihu yake amfani da ita, kuma ƙanƙantarta ce ta taimake shi, don irin waɗannan kamarori suna fito da na kusa da na nesa tare. Wayarka tana da wannan hali. Ka nemi hotunansa ka tsaya a kansu da kyau, musamman layin da allon ya haɗu da titin gaske.

Sai haske, kuma nan ne na fi jin daɗin aikin. Jikin mota madubi ne, abin da ke kewaye da ita take nuna maka. Saboda haka filasha ba ta da wuri a nan, ɗigon fari kawai take bari a kan fenti da baƙar inuwa a baya. Abin da ake so shi ne haske mai faɗi mai laushi: taga wadda rana ba ta dukanta kai tsaye, ko fitila a bayan farar takarda. Ina da wata shuɗiya ta 1:43 da nake yawan gwaji da ita. Nakan ajiye ta kusa da taga, in riƙe farin kwali a ɗaya gefen, in riƙa karkata shi a hankali ina kallon allon waya. A wani wuri sai ka ga farin layi ya taso daga fitilar gaba, ya bi kafaɗar ƙofofi a miƙe har fitilar baya, ƙirar motar duka ta bayyana. In ka gusa kwalin faɗin yatsa ɗaya, layin ya karye a kan hannun ƙofa. Wannan layin nake nema a kowane hoto, kuma ta hanyarsa na fara gane wace mota aka zuba da kulawa, wace kuma aka yi ta da gaggawa. In a waje za ka ɗauka, hantsin farko ko yamma liƙis, lokacin da inuwa ta yi tsawo.

Ƙura kuwa, kamara ba ta yafe ta. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, kusa da motar 1:64, dutse ne mai fiye da santimita 6. Ka sami burushi mai laushi irin na masu zane, ka share motar dab da ɗauka, musamman gilashin gaba da lungun bonet. Ƙasan da za ta tsaya ma haka: siminti ko kwaltar gaske sun yi mata kaushi, baƙar sanfefa mai laushi ta fi kama da titi. In kana son titi bayan ruwan sama, jiƙa shimfiɗar duka ta yi sheƙi, amma kada ka fesa wa motar ruwa, don ɗigon ruwa ba ya ƙanƙancewa da ma'auni.

Yanzu batun buɗewa. Ra'ayina ka buɗe. Na san akwai masu tarawa da yawa da ba sa taɓa ledar, suna rataye su a bango yadda suka fito daga masana'anta, kuma ina girmama su, don mota a rufe ta fi daraja in an zo sayarwa. Amma yawancin ƙananan nan miliyoyinsu ake bugawa, kuma wadda ke cikin leda ba za ka ji nauyinta a tafin hannu ba, ba za ka ga ƙarƙashinta ba, ba kuma za ka iya haska ta ba, don ledar tana mayar da haske. In wata ta shiga ranka sosai, sayi biyu, ka buɗe ɗaya. Inda zan ce ka yi hattara shi ne tsofaffi. In Allah ya haɗa ka da tsohuwar mota ƙirar Dinky ko Matchbox da kwalinta na asali, kada ka yar da kwalin ko da ya yage, don kaso mai yawa na darajarta yana jikinsa. Kada kuma ka sake mata fenti. Ƙujewar da ke jikinta shaida ce cewa wani yaro ya taɓa tura ta a ƙasa, kuma a hoto wannan ƙujewa tana da kyau nata.

Tun da na ambaci tsofaffi, bari in ba ka ɗan tarihi, don zai taimake ka wajen zaɓe. Kamfanin Meccano na Liverpool a Ingila ya fito da sunan Dinky Toys a 1934, kuma da farko an yi su ne don ƙawata layin ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Daga ma'aunin waɗannan jirage ne 1:43 ya samo tushe, har yau kuma shi ne abin son masu tarawa a Turai. Matchbox ta zo a 1953 daga kamfanin Lesney na Landan, a ɗan kwali mai kama da na ashana. Corgi ta biyo a 1956 daga Swansea, abin alfaharinta kuwa shi ne motocinta suna da gilashin taga, lokacin da na wasu ramuka ne kawai. Sai 1968, da Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, motoci 16 masu fenti mai walƙiya da jan layi a gefen taya. Siririyar wayar da aka yi musu a matsayin sandar da tayoyi ke juyawa a kai ta sa suna gudu fiye da duk na kasuwa, har Matchbox ta canja tayoyinta a 1969 ta kira sabbin Superfast. Tomica ta Japan ta fara a 1970. Lesney ya durƙushe a 1982, kuma tun 1997 Matchbox tana hannun Mattel, wato tsofaffin abokan hamayya yanzu gida ɗaya suke.

Amfanin sanin wannan shi ne ka gane cewa yawancin Hot Wheels da Matchbox ana yin su ne daidai girman ledarsu, wajen santimita 7, ko bas ce ko ƙaramar mota. In ka jera su a hoto ɗaya sai ka ga ƙaramar mota ta kai babbar tsawo. Tomica da Majorette ta Faransa sukan rubuta ainihin ma'aunin kowace a ƙarƙashinta, don haka ka riƙa juya mota kana karantawa kafin ka haɗa ta da wata. Shawarata ka tsayar da ma'auni ɗaya da jigo ɗaya, ko motocin wani zamani, ko na kamfani guda, ko na tsere. Mota 20 da ka san kowace ciki da waje za su fi ba ka daɗi a kan 200 da ke jibge a kwali. Ka kuma tuna da wurin ajiya: motar gaske mai mita 4.5 tana zama santimita 25 a 1:18, kuma goma daga cikinsu sun cinye kanta guda.

Ajiyar ma tana da ƙa'ida. Ana zuba jikinsu ne da narkakken haɗin ƙarfe wanda mafi yawansa tutiya ce, da ɗan alminiyam kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan maganiziyam da jan ƙarfe, a tura shi da ƙarfi cikin mazubi. In dalma ta gurɓata haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru sai jikin ya kumbura, ya tsattsage, ya riƙa marmashewa, kuma ba shi da magani. An fi ganin haka a na shekarun 1930 zuwa 1950, kuma laima tana gaggauta shi. Don haka in za ka sayi tsohuwa, duba ta da tocila, in ka ga siraran tsagu a ƙarƙashin fenti ko ƙofa ta ƙi zama daidai, bar ta. Naka kuma ka nisanta su da rana, don tana kashe launi, ja ya fi saurin kodewa. Masu tayar roba mai laushi kada su daɗe a kan filastik ko katako mai sheƙi, saboda robar takan narke ta manne. Ɗan kwali a ƙarƙashinsu ya wadatar.

Ina da roƙo guda. Ina neman Peugeot 504 mai ƙofa huɗu ta kamfanin Norev a ma'aunin 1:43, fara ko ruwan ƙasa. In ka ci karo da ita a can wajenku, duba mini madubanta na gefe da fitilun gaba ko suna nan lafiya, ka turo mini hoton ƙarƙashinta kafin ka biya.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, ka shafa mini kan auta. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka