Kafin Ka Rabu da Gonar Tudu

Maraɗi, cikin ɗari

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya haƙurin zaman nesa? Mu nan sai godiyar Allah. Na leƙa Inna shekaranjiya, tana gaishe ka ƙwarai. Ƙafar da take kuka da ita ta yi sauƙi, sanyin asuba ne kawai ke tayar mata da ita.

Tun cikin bazara ka aiko mini da saƙon murya a kan gonar tudu, wadda marigayi Baba ya bar maka. Ka ce wani ya yi tayi mai kyau, kuɗin za su ƙara maka jari, kai kuma shekara goma sha ɗaya rabonka da damina a gida. Na roƙe ka ka ba ni zuwa bayan kaka, ka kuwa yi haƙuri ka ba ni. Na je ƙauye sau uku tun daga lokacin. Na zaɓi in rubuta maka a takarda ne don maganar gona ta fi ƙarfin minti biyu a waya.

Zuwan farko a watan Mayu ne, bazara ta kai intaha. Ka dai tuna zafin nan da ke haura 40 a ma'auni, wanda ko ƙadangare sai ya nemi gindin randa. Na yi sammako tasha, na shiga motar Tasawa, aka cika mu fam har da buhunan gishiri da wata jar akuya a ƙarƙashin kujera. Bayan mun wuce Caduwa na sauka, na hau kabu-kabu, muka saki kwalta muka faɗa rairayi. Sau biyu ina sauka ina tafiya a ƙasa don mashin ya samu fita. A nan ne na soma lura da abin da idona ya daɗe yana wucewa a kai. Kana tuna muna yara, in ka tsaya bakin rijiyar gari kana hango rumbunan ƙauyen gaba tsaf, ba abin da ya shiga tsakani sai tururin ƙasa? Yau ba ka hango su. Itatuwa sun tare.

Na tarar da Kawu a gonar yana sassabe, ya ɗaure kai da tsumma. Na tsaya a bayansa ina kallo, bai ma san na iso ba. Ya durƙusa gaban wani kututturen kalgo da ya yi toho kamar goma, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Ya ware uku waɗanda suka fi miƙewa, ya sa adda ya sare sauran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ya rage wa ukun nan rassan gindi, sannan ya ɗaura ɗan jan ƙyalle a jikin ɗaya, alamar cewa da mai shi. Abin da ya sare ya tara gefe, na murhu ne. Da ya ɗago ya gan ni, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ka gaya wa ɗan nan itacen ubansa sun girma."

Wannan shi ne sassaben zamani da ka ji ana faɗa. A zamaninmu manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ya sare sabara da kalgo har ƙasa ya banka musu wuta. Sakamakon mun gan shi da idonmu: a yi shuka, iskar farkon damina ta taso da rairayi ta binne tsiron ko ta yanke shi, a sake shuka, wani lokaci har sau uku, iri ya ƙare a hannu. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zauna nan Maraɗi, shi ya lura a wajen 1983 cewa 'yan tsirarun ganyen da ake sarewa duk shekara tohon manyan saiwoyi ne da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, ba su buƙatar dashe ko ban ruwa, sai dai a bar su a gyara. Yunwar 1984, wadda ni da kai muka sha kununta na dusa, ita ta sa mutane da yawa suka gwada. Wasu sun koma sun sare bayan an samu sauƙi, wasu suka riƙe, maƙwabta suka ga amfanin suka ɗauka. Mutanen Ɗan Saga ta wajen Agiye har kwamiti suka kafa na tsaron itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin jihar Maraɗi da ta Damagaram abin ya kai eka ta zamani, wato hekta, miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ni lissafin da na iya yi da ƙafata shi ne na gonarka: gawo goma sha huɗu manya, aduwa huɗu, magarya biyu a kan iyaka, sai kalgo da ban ƙirga ba. Kawu ya ce guda shida daga cikin gawon Baba ne ya bar su da hannunsa, a lokacin da ake yi masa dariya ana cewa ƙyuya ce ta hana shi share gona.

Ranar da zan dawo hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya watse ba ɗigo. Kawu ya ɗaga kai ya ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Wasu tuni sun yi binne a busasshiyar ƙasa suna jira. Shi ya ce sai ƙasa ta jiƙa zai ɗauki sungumi.

Na koma cikin Agusta, tsakiyar marka. Kafin in tafi na gangara na duba Gulbi, ya kawo ruwa jajawur daga wajen Jibiya, ya nufi Tibiri da Gidan Rumji. Duk wanda ya gan shi a rani, rairayi zalla yara na ƙwallo a ciki, ba zai yarda shi ne ya ci tsohon gari a 1945 har aka dawo da Maraɗi kan tudu ba. Tun ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin gari, in hadari ya haɗu da dare masu ginin ƙasa ba sa barci. Damina ke nan, muna roƙonta muna tsoronta.

A ƙauye kuwa na ga abin da nake so ka gani da idonka. Gawo ya kaɗe ganyensa tas kamar yadda ya saba, ya tsaya tsirara lokacin da kowane itace ke kore, rana na ratsa rassansa. Hatsin da ke gindinsa ya fi ni tsawo, karansa kauri, ganyen har baƙi-baƙi yake don ƙoshi. Taku ashirin daga nan, a fili, hatsin bai wuce ƙirjina ba, ga ƙuduji ya yi fure ja a tsakaninsa yana shan jininsa. Gona ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Ganyen da gawon ya zubar da kashin dabbobin da suka kwana a inuwarsa duk rani suna cin 'ya'yansa, su ne takin. Buhun takin zamani kuwa yanzu ba kowa ke iya taɓa shi ba.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba, don ka ce in faɗi gaskiya. Ƙasar gefen arewa ta gaji, tana son taki da hutu, hutun kuwa babu shi, domin ba wanda ke da sauran saura. Gayya ta yi ƙaranci. Da ana jin ganga a fito da hauya a yi layi, a gama gona kafin azahar a sha fura. Yanzu maimai sai ka biya 'yan ƙwadago, kuma a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada. Na ga gidajen da a watan nan tafasa da kwaɗon ganye ne abincin rana. Ta kudu kuma, wajen Madarumfa da dajin Babban Rafi, ɓarayin shanu da masu satar mutane sun hana wasu ƙauyuka sakewa, shi ya sa bana ban kai tafkin Madarumfa ba, duk da yadda nake son zuwa. Namu gefen da sauƙi, Allah ya ƙara tsarewa.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai, wanda na tabbata ba a gaya maka ba. Da na zaga kusurwar kudu, wajen magaryar nan, sai na tarar da ƙanwarka a duƙe, goyo a baya, tana cirar ciyawa a cikin gujiya. Ta shuka wake da yakuwa a gefe, da 'yar kuɓewa. Shekara huɗu ke nan Kawu ya yanka mata wurin. Gidan mijinta gandu ya rabu tsakanin 'yan'uwa maza biyar, abin da ya zo hannunsa bai isa a fitar wa mace gamana, wato 'yar gonar kanta, ba. Haka abin yake a ƙauyuka da yawa yanzu: mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa, kuma in gona ta matse, mata ake fara cirewa. Da gujiyar nan take yin mai da ƙuli-ƙuli, da ita ta sayi akuyoyi biyu, da ita take sayen littafin 'yarta ta lakwal. Na tambaye ta ko ta ji maganar sayarwa. Ta yi shiru tana murza ƙasa a hannu, can ta ce, "Gonar Yaya ce, yadda ya ga dama." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta koma ta duƙa. Na daɗe a tsaye a wurin.

Zuwa na uku a kaka ne, bayan zafin agazari ya lafa. Wannan ba sai na tsawaita ba, ka san daɗinta. Yara sun gasa mini tumu a bakin gona, na murje a tafin hannu na hure na watsa a baki, ɗumi da ƙamshin hayaƙi, nan take na tuna ranar da muka ƙona wa Baba gefen shinge garin gashin tumu, ya bi mu har bakin rijiya. Amalanke na ta jigilar damma, ana yaɓe rumbuna, harawa a kan rufin kowane gida da cikin rassan itace. Gonarka ta ba da dami arba'in da uku, ban da wake. Kawu ya ware zakka tun a gona. Ta wajen Caduwa da Agiye kuwa ana ta haƙar aya, ƙura ta turnuƙe, mata da rariya. Ba da jimawa ba aka saki gonaki, Fulani suka sauko da shanu daga arewa. Kawu ya yi magana da wani Bafulatani ya sauka a gefen arewan nan da ya gaji, a ba shi hatsi, shanunsa su kwana a wurin. Da dare ina jin kukan maruƙa da ƙarar akayau ɗin 'yan mata a dandali, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba a birni.

A motar dawowa duk samari ne 'yan cin rani, kowa da 'yar jakarsa, wasu Kano, wasu Yamai, wasu Agadas da abin da ke bayanta. Wani yaro kusa da ni, da ƙyar ya kai sha bakwai, ya riƙe ƙullin garin fura da uwarsa ta ba shi kamar za a ƙwace. Na tambaye shi yaushe zai dawo, ya ce, "Ruwan farko, in sha Allah." Na tuna ranar da na raka ka tasha, kai ma haka ka ce. Ba laifinka nake gani ba, aminina. Garinmu na fatake ne tun kakanni, kuma da guminka na can aka yi wa Inna rufin kwano, aka yi jinyar Baba. Abin da na lura kawai, duk yaran nan da ke cikin motar suna da ranar dawowa ne saboda akwai ƙasar da ke jiransu da sungumi.

Don haka shawarata, tunda ka nema: kada ka sayar. Wanda ya yi tayin ya san abin da ya gani, kuma gonar da ta fita hannu a ƙasar nan yanzu ba ta dawowa, ko da ninkin kuɗin. Jingina ma ba na so, na ga yadda take ƙarewa. In jari ne ya matse, faɗa mini nawa ne a fili, kada ka ji nauyina. Ina da ɗan abin da na ajiye, kuma Kawu ya ce rabonka na wake da harawa in aka riƙe su zuwa bazara za su yi kuɗi. Mu haɗa mu gani. In bai kai ba, sai mu sake shawara, amma da ƙanwarka a zaune.

Yanzu nan hazo ya sauko, da safe rana kamar farin faranti, leɓe na tsagewa, tsofaffi na jin wuta a ƙofar gida. Gawon ya sake ganye shar. Masu lambu a Jiratawa sun soma shigo da zogale da tumatir, masu soya fara sun cika bakin kasuwa. Na ba direban da ya saba kawo maka saƙo ƙulli ɗaya: ƙuli-ƙulin ƙanwarka, garin kuka, busasshen zogale, yaji, da tiya biyu na hatsin gindin gawo, na ce a dama wa yara kunu su ji na gonar kakansu. In ya iso ka sanar da ni.

Ka yi ƙoƙari kaka mai zuwa ta same ka a gida, ko mako biyu ne, ka zo da babban yaronka. Zan tare ku a tasha mu wuce tare. Ka gaida mai ɗakinka da yara, da duk mutanenmu na can. Maiɗakina da yara suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini