Kilip ɗin Hammer na 1994 da tsoffin 'yan rap ɗinmu na Nijar

Assalamu alaikum malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, wata magana ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce, na so in bar ta amma ta ƙi barina.

Ran Juma'a da dare muna zaune a fada nan Boukoki, shayi na biyu na kan wuta, sai ɗan ƙanena ya miƙo min salularshi yana dariya har da hawaye, wai tonton dubi wannan mahaukacin. Ina dubawa wallahi gabana ya faɗi, MC Hammer ne. Wani tsohon kilip ɗinshi ne na 1994 aka tono aka ɗora a TikTok, yana tsaye bakin pisin, ba riga ba wando sai ɗan silip, mata sun kewaye shi, ya ɗaure fuska tamau kamar wanda ya zo karɓar bashi. Yaran fada duka suka taru kan waya ɗaya suna ta ƙyaƙyatawa, ba wanda ya san ko wane ne a cikinsu, ni kuwa shayin ma kasa shanshi na yi.

Malam Edita in kai ɗan zamaninmu ne ka san abin da sunan nan yake nufi. A 1990 da 1991 ina kwaleji, ba yaron da bai so a ɗinka mishi wandon Hammer ba, mai faɗi daga sama ya matse a ƙafa. Telan unguwarmu sai da ya manna hotonshi a bangon shago don ya riƙa duba yadda aka yanka. Ranar da na sa nawa na je hutu Tahoua kakata ta dube ni sama da ƙasa ta ce kai wannan ai bujen kakanka ne, wa ya ce muku sabon abu ne. Muna tara dala biyar biyar mu shiga bidiyo kulob, mai gidan ya mayar da kaset baya sau uku sau huɗu don mu kama yadda yake zamewa gefe da ƙafafu kamar ƙasa ba ta riƙe shi. Ba mu jin turancin, ko kalma biyar ba mu ganewa, rawar ce da fara'ar fuskarshi suka kama mu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Album ɗinshi na 1990 ya yi sati 21 a lamba ɗaya a Amurka, an sayar da sama da miliyan 10, shi ne album ɗin rap na farko da ya kai wannan matsayi. Yaron talakawa ne daga Oakland a jihar Kalifoniya, sunanshi na yanka Stanley Burrell, tun yana ƙarami yake rawa a bakin filin wasa har kulob ɗin garin suka ɗauke shi yana musu 'yan hidimomi. Da ya samu bai manta da mutanen unguwarsu ba, an ce kusan mutum 200 yake biya albashi, 'yan rawa da makaɗa da masu gadi, irin dai yadda namu attajiran na da suke ɗaukar nauyin dangi kaf.

To sai zamani ya juya. Daga 1992 zuwa 1993 su Dr. Dre da Snoop suka fito da irin nasu rap ɗin na 'yan daba, maganar bindiga da wiwi da titi, matasan Amurka suka koma can gaba ɗaya, aka fara yi ma Hammer kallon ɗan rawan talla wanda ya sayar da kanshi. Shi ne a 1994 yana da shekara 32 ya cire wandon nan mai ƙyalli ya sa kayan 'yan daba ya canza murya ya yi wannan kilip ɗin da yaranmu ke ma dariya. Tashar MTV ma ta ce ya yi tsiraici da yawa, sai da aka sake ɗaukar wani yana sanye da kaya. Album ɗin ya ɗan sayu amma 'yan daban ba su yarda nasu ne ba, iyayen da ke saya ma 'ya'yansu kaset ɗinshi don ba ashar a ciki su kuma suka ja baya. A 1996 ya je kotu ya ce ya karye, bashin kusan dala miliyan 13 na Amurka a kanshi. Daga baya ya koma wa'azi a coci.

Abin da na gani a wayar yaron nan ba mahaukaci ba ne, mutum ne da tsoro ya kama. Ku sake kallo ku duba idonshi da kafaɗunshi, jikin yana so ya yi rawar da ya iya amma yana danne ta don kar a ce ya tsufa. Kayan aro ba ya rufe katara, Bahaushe ya riga ya faɗa.

Ba don Hammer na ɗauki biro ba dai, shi yana can Amurka da ranshi da iyalinshi. Abin da ya dame ni shi ne irin wannan na faruwa a gabanmu nan Yamai muna kallo muna tura ma juna a WhatsApp. Bayan taron ƙasa na 1991 da aka buɗe baki, rediyoyi masu zaman kansu suka fito, rap ɗinmu ya tashi, wajen 2000 zuwa sama in su Lakal Kaney ko Kaidan Gaskiya ko Wass-Wong za su yi wasa a gidan al'adu na Oumarou Ganda (CCOG) ko na Faransa da Nijar (CCFN) sai ka je da wuri in ba haka ba a waje za ka tsaya. Da Hausa da Zabarmanci da Faransanci suke waƙa a kan sida da auren dole da cin hanci da zaman kashe wando, abin da manya ke tsoron faɗa su suka faɗe shi a makirfo. Mu mun ga wannan da idonmu.

Akwai wani daga cikin 'yan wancan lokacin, ba na cikin waɗanda na ambata ba kuma ba zan faɗi sunanshi ba don ina ganin girmanshi, bara ya fito da sabon kilip. Mutumin da furfura ta fara fito mishi a gemu, 'yarshi ta fari tana jami'a, ga shi ya rina gashi ya sa sarƙa uku a wuya, ya jingina da wata babbar mota da duk unguwa ta san ta aro ce, 'yan mata sa'annin 'yarshi suna juyi a bayanshi, an matse muryarshi da na'ura har ba ka gane shi, kiɗan kuma kwafin na Legas ne sak. Muryar nan mai kauri da in ya buɗe baki duk zauren ke yin tsit, ita aka ɓoye. A ƙarƙashin bidiyon kuwa abin da aka rubuta mishi ba ya maimaituwa, wai tsoho ya koma masallaci, wai papa a je a huta.

Na haɗu da shi wajen wani suna a Talladjé bayan fitowar kilip ɗin da kamar wata biyu. Yana zaune can gefen tabarma da farar jallabiya, ba sarƙa ba komai, yana ɓare goro da farce. Na gaishe shi na ce mishi har yanzu ina da kaset ɗinku na farko, ya ɗago ya dube ni ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi kanshi ba shi da ko ɗaya, ruwan sama ya ci nashi. Ya ce kuɗin kilip ɗin ma rance ne, masu shirya konser sun ce mishi in bai yi irin na yara ba ba za su sa shi a fosta ba. Wallahi malam Edita na rasa abin da zan ce mishi.

Na san za a ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma gaskiya ne, ba na ce mutum ya daskare a 2003 ba. Amma ai Dan Maraya Jos da kuntiginshi ya tsufa har Allah ya karɓi abinshi a 2015, ba wanda ya ce mishi ya rina gashi. Shata ma haka har 1999. Mu a Ader, sunan mawaƙinmu Dan Gourmou aka sa ma gasar waƙa ta ƙasa. In an ce ai waɗannan na gargajiya ne to a dubi Didier Awadi a Senegal, ɗan rap ne tun farkon shekarun 90, ya buɗe sitidiyonshi a Dakar, yana rap da shekarunshi a kan maganar manya kuma ana saurarenshi. Namu me ya hana? Abin da ya hana shi ne ba su da abin da za su jingina da shi. Lokacin da suke tashe masu kwafi suka cinye kuɗin kaset, daga nan aka koma tura waƙa kyauta ta Bluetooth da kart memwar, ba fansho ba ajiya, mutum ya wayi gari da shekara 45 da iyali da kuɗin haya, ba abin da ya iya sai makirfo. Wanda ke cikin wannan hali in aka ce mishi sa sarƙa ka jingina da mota ai zai sa.

Mu masu sauraro ma da namu laifin. Mu da muka cika CCOG a da, yanzu muna da albashi ko shago amma jika biyu ta tike ba mu iya fitarwa, sai dai mu zauna a fada muna cewa rap ɗin da ya fi na yanzu ma'ana. Ni kaina na daɗe ban je wasan kowa ba, wannan ya dame ni tun ranar sunan nan.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku tura ɗan rahoto ya nemi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ya zauna da su, a ji yadda suka fara da inda suke yanzu, a tambayi BNDA, ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, yadda kuɗin haƙƙin waƙa ke isa hannun tsoffin mawaƙa, a tambayi gidajen tele ko tsoffin kilip ɗin nan suna nan a ajiye ko sun lalace. CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa da waƙa, na nan, me zai hana a riƙa kiransu suna koya ma yara rubutun waƙa. Ni ina da kaset goma sha ɗaya a cikin wani katon ƙarƙashin gado, wasu har da takardarsu ta ciki mai hoto, in akwai mai na'urar juya su zuwa kwamfuta zan kawo su ofishinku da kaina. Guda ɗaya dai na riga na cire, ita zan kai ma mai ita Talladjé ran Lahadi in Allah ya kai mu.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai karatunku kullum,
daga unguwar Boukoki, Yamai.