Maigidana zai tura ni Gwanzu, mahaifiyata kuma tana kwance

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Dan Allah a sakaya sunana.

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, shekara ta 9 kenan da maigidana, to bana ya ce ni zai tura Gwanzu can ƙasar Sin in yo mana odar yadi da shadda lokacin baje kolin da ake yi a watan Oktoba, sati 3 zan yi. Fasfo ya fito, biza ta fito, har allurar shawara na yi. Duk layinmu murna ake taya ni dan an san wanda aka tura sau ɗaya to ya kama hanyar buɗe nashi shagon.

Matsalar ita ce Hajiyarmu. Tun bayan ƙaramar sallah hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki, ni kaɗai ne namiji a gida, ni ke ɗaga ta ni ke kai ta asibiti, ƙannena mata duk suna ɗakunansu sai autarmu.

Wlh Malam da ban damu ba sai ranar da na zauna da mai yankan tikiti ya zana min hanyar a takarda. Daga Kano zuwa Addis Ababa wajen awa 5, kilomita dubu 3 da ɗoriya, a sauka a yi zaman jira a filin jirgi, sannan a hau wani a yi awa 10 ko fiye a sama ba sauka, kilomita kusan dubu 8 kafin a ga Gwanzu. In ka haɗa da jira kusan kwana guda ne cur, shi ma in ka samu kujera a ranar kenan, in ba ka samu ba sai ka ɓullo ta Abuja ko Legas. Ni da ko Abujan a mota nake zuwa. To ka san mu nan in mutum ya cika da asuba kafin azahar an kai shi, ni kuma a lokacin ko jakata ban gama haɗawa ba. Wannan lissafin shi ya hana ni barci, ba tsoron jirgi ba kaman yadda abokaina ke tsokanata.

Ga kuma bambancin lokaci awa 7, goman dare a Kano biyar ɗin asuba ce a can, kuma WhatsApp baya aiki sai da dabara, wai sai dai WeChat, autar tamu kuwa ko sunansa bata taɓa ji ba.

Ita Hajiya da bakinta ta ce in tafi, wai zamana ba zai ƙara mata kwana ɗaya ba, ta sa min albarka. Amma ina fita tsakar gida na jiyo tana sharɓe. Kawuna ya ce in na ƙi zuwa maigida zai ba wani yaron kuma shikenan, gaskiya ya faɗa, kuɗin maganinta ma daga shagon nan yake fitowa.

Malam in tafi tunda ta yarje min, ko wannan yarjewar ta kara ce kawai? In kuma haƙura zan yi, da wane baki zan tunkari mutumin da ya riga ya kashe kuɗin biza a kaina? Ranar Litinin ya ce in ba shi amsa a yanki tikiti.

Naka, mai sauraro daga Kano.